Yadda Ake Zaɓen Siga Mai Daraja, a Adana Ta, a Sha Ta Ba Tare da An Ɓata Ganyen Ba

Akwatin siga (wato naɗaɗɗen ganyen taba zalla, cigar da Turanci) na farko da ya shigo hannuna tsaraba ce da wani aminina ya kawo mini daga tafiya, a tsakiyar watan Disamba. Kara goma ne a jere cikin ɗan akwatin katako, ƙamshinsu tsakanin na jemammiyar fata da na busasshen dabino. Na ɗora shi a kan durowa kamar yadda ake ajiye kwalin sigari. Bayan mako biyu na zaro ɗaya, ina matsa ta da yatsa sai na ji ƙas, ganyen waje ya tsage tun daga baki har tsakiya. Hunturu ya gama da su. Na kunna duk da haka, hayaƙin ya zo da zafi da ɗaci, ta ci wuta kamar karan dawa. Abin ya tsaya mini a rai, domin ganyen nan sai da wasu suka yi shekaru suna lallaɓa shi kafin ya iso gare ni, ni kuma na kashe shi a kwana goma sha huɗu.

Tun daga ranar na gane cewa sha'anin siga duka yana rataye ne a kan abu biyu, danshi da wuta. Wanda ya iya su zai ji daɗin kara mai matsakaicin kuɗi. Wanda bai iya su ba, ko mafi tsada aka miƙa masa, ɗaci zai kwasa.

Siga ba sigari ba ce. Sigari yankakkiyar taba ce a cikin takarda, inji ke yin ta dubbai a minti guda. Siga mai daraja ganyen taba ne zalla, an busar da shi a rumfa, an jibge shi ya tsimu, an ajiye shi ya kwana biyu, sannan wani gwani ya zauna ya naɗe shi da hannu. Amma a faɗi gaskiya tun da wuri, taba ce. Tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro da ta huhu, kuma rashin haɗiye hayaƙin ba ya kuɓutar da mutum, domin sinadarin nikotin na siga ta fatar cikin baki yake shiga jini. Babbar siga guda na iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari cur. Malamai da yawa sun haramta shan taba, wasu sun karhanta shi. A Najeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sha a wuraren taruwar jama'a. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba kiran sa nake yi ba. Maganata da baligin da ya riga ya san wannan duka ce, sigar kuma tana hannunsa.

Mataki na farko: san abin da ke cikin karan

Kowace siga hawa uku ce. Akwai ciko, wato ganyayen da ke can tsakiya. Akwai ɗamara, ganye mai ƙarfi da ke ɗaure cikon. Sai riga, lallausan ganyen da ido ke gani, wanda ya fi kowanne tsada domin ba a son ko ɗigon tabo a jikinsa. A siga ta kirki cikon dogon ganye ne daga kai har ƙafa. A ta araha gutsattsari ne, shi ya sa tokarta ke zubewa, ɓarɓashi kuma ke cika baki.

Cikon ma iri-iri ne, gwargwadon inda ganyen ya fito a jikin shukar. Mutanen Kuba na kiran na ƙasa volado, ba shi da wani ɗanɗano amma shi ke riƙe wuta. Na tsakiya seco, shi ne mai ƙamshi. Na sama da ya fi shan rana ligero, shi ne mai ƙarfi, kuma a tsakiyar karan ake sa shi domin ba ya saurin ci. Yawan wannan na saman shi ke sa siga ta yi ƙarfi, ba duhun rigarta ba. Mutane da yawa na gudun baƙar siga, wadda ake ce wa maduro, suna zaton za ta juya musu kai, alhali sau da yawa daɗewar tsimi ce ta sa ta yi duhu, har ta kan zo da ɗan zaƙi-zaƙi kamar na koko.

Mataki na biyu: ƙasar da ta fito

Sunan da kowa ya sani Kuba ne, kuma a Kubar ma yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río, a yammacin tsibirin. Daga can ake samo ganyen shahararrun sigogi irin su Partagás da aka kafa a 1845, da H. Upmann ta 1844, da Montecristo ta 1935, da Cohiba wadda aka fara naɗa wa jagoran Kuba na lokacin, Fidel Castro, a 1966 ba a kuma sayar wa jama'a ba sai 1982. Shi kansa Castro ya daina sha a 1985.

Bayan juyin juya halin 1959 gwamnatin Kuba ta ƙwace masana'antun siga, iyalai da dama masu wannan sana'a suka yi hijira da iri a aljihu. A watan Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya rufe kasuwar Amurka ga kayan Kuba. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labarin cewa sai da shugaban ya aike shi ya tattaro masa kara 1,200 na H. Upmann kafin ya sa hannu. Wannan rufewa ce ta raya noman taba a Estelí da Jalapa na Nikaraguwa, da kwarin Cibao na Jamhuriyar Dominika, da Danlí a Honduras. Abin da ya shafi mai saye a nan shi ne, sunaye irin su Montecristo da Cohiba da Romeo y Julieta biyu-biyu ne a kasuwa, akwai na Kuba, akwai waɗanda ake naɗawa a wasu ƙasashen don kasuwar Amurka. Sunan ɗaya, kamfani daban, ɗanɗano daban. Ka duba ƙasar da aka rubuta a jikin akwati.

A taƙaice, ta Dominika ta fi laushi, ta Nikaraguwa ta fi yaji da ƙarfi, ta Kuba tana da wani ƙamshin ƙasa da ciyawa da ba a samu a wani wuri. Kuma abin da ba kowa ya sani ba, ɗaya daga cikin rigunan da aka fi girmamawa a duniya a maƙwabtanmu ake noma ta, a gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Ganye ne siriri mai ƙurji-ƙurji a jiki, mai ɗan zaƙi da ƙamshin kayan yaji. Shi ne a jikin sigogin Hemingway da Don Carlos na kamfanin Arturo Fuente. A ra'ayina, sabon shiga da ya fara da Hemingway Short Story bai yi zaɓen tumun dare ba. Haka Macanudo Café, ko Hoyo de Monterrey Epicure No. 2 in ana son ta Kuba. Partagás Serie D No. 4 kuwa a bar ta sai baki ya saba.

Mataki na uku: girma

Da lamba biyu ake auna siga, tsawo da kauri. Kaurin ana lissafa shi ne da kashi 64 na inci, wato mai lamba 50 faɗinta ya kusa santimita 2. Kowane girma da sunansa. Ƙaramar korona, irin Montecristo No. 4, milimita 129 ce da kauri 42, tana ɗaukar minti talatin zuwa arba'in. Robusto inci 5 ce da kauri 50, kusan sa'a guda. Churchill, mai sunan tsohon firaministan Birtaniya, inci 7 ce da kauri 47, ita sai ka ware sa'a ɗaya da rabi. Ka zaɓa daidai lokacin da kake da shi. In tsakanin Magariba da Isha ne kawai, kada ka ɗauko doguwa. Siririya kuma ba ita ce mai sauƙi ba, ta fi saurin zafi, ta fi neman natsuwa.

Mataki na huɗu: duba ta da hannu, ka kiyayi jabu

In mai kanti ya yarda, riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuniya, ka bi jikinta kana ɗan matsawa a hankali. Ya kamata ta ɗan lotsa ta dawo. In ka ji wani wuri da tauri kamar an cusa tsakuwa, naɗin ya toshe, hayaƙi ba zai wuce ba. In wani wurin ya lotsa fanko, wuta za ta karkace a nan. Riga ta kasance sumul da ɗan sheƙin mai, babu tsaga, babu huda. Ka shinshina ƙafarta, wato buɗaɗɗen gefen. Ƙamshin barga ko na jiƙaƙƙiyar ƙasa alama ce mai kyau. Warin da ke hawa hanci kamar na fitsari alama ce cewa tsimin bai ƙarasa ba.

Jabun sigar Kuba ta cika duniya, musamman Cohiba. Duk wanda ya tare ka a bakin otal ko bakin teku da labarin ɗan'uwansa na aiki a masana'anta, ka wuce abinka, araha ba ta ado. Akwatin Cohiba mai murfin gilas da ake yawo da shi, masana'antar ba ta yin irinsa. Akwatin gaske yana da hatimin gwamnatin Kuba kore da fari, wanda tun 2009 aka ƙara masa tambari mai walƙiya da lambar da za ka iya bincikawa a shafin intanet na Habanos, kamfanin da ke fitar da sigar Kuba. A gindin akwatin akwai tambarin ƙuna da ke cewa Hecho en Cuba. Mafi kwanciyar hankali dai ka saya a kantin da ke da ɗakin danshi na gaske, irin rassan La Casa del Habano. Kuma kada ka fara da akwati. Sayi kara uku ko huɗu iri daban-daban.

Mataki na biyar: adanawa

A nan zan daɗe, domin a nan mu mutanen wannan yanki muka fi asara. Siga na son danshi na kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyi na maki 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas. Mu kuwa a hunturu danshin iskarmu kan faɗi ƙasa da kashi 20, a bazara zafi kan haura 40, a damina kuma komai ya jiƙe. Kowane lokaci da irin ɓarnarsa.

Akwatin danshi na katako mai shimfiɗar itacen sida (wani itace mai ƙamshi, cedar da Turanci) a ciki abin sha'awa ne, amma na araha yoyon iska yake yi, a hunturunmu ba ya riƙe komai. Abin da na ga ya fi aiki shi ne robar ajiye abinci mai murfin da ke kamewa gam, sabuwa, wadda ba ta taɓa ganin daddawa ko yaji ba. A wanke ta, a shanya ta bushe sarai. A sa fakitin danshi irin na Boveda mai lamba 65 ko 69, wanda ke fitar da danshi in ya yi ƙasa, ya tsotse in ya yi yawa. A sa ƙaramin ma'aunin danshi mai batir. In akwai siraran fallayen katakon sida da ke zuwa cikin akwatin siga, a shimfiɗa su a ƙasa. A riƙa buɗewa sau ɗaya a mako iska ta sauya. In da soso za ka yi amfani maimakon fakiti, ruwan da aka tace ta hanyar turiri za ka jiƙa shi da shi, ba ruwan famfo ko na rijiya ba, kuma kada soson ya taɓa jikin siga.

Ma'aunin ma yakan yi ƙarya, to ga yadda ake gwada shi. Cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba. Sa shi da ma'aunin a leda mai zik, ka rufe, ka bar su kwana guda. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 71, ka san kullum sai ka ƙara huɗu a kan abin da ya faɗa.

Zafi kuma ƙwaro yake tayarwa. Akwai wani ɗan ƙwaron taba da ƙwansa kan zo a cikin ganye, in ɗumi ya yi yawa ya ƙyanƙyashe, ka wayi gari ka ga hudoji kamar na tsinin allura, daidai yadda ake ganin wake ya hudu a buhu. Kara ɗaya na iya lalata sauran duka. Riga-kafinsa shi ne, sabuwar siga a sa ta a leda biyu masu zik, ta kwana uku a firiza in wutar lantarki ta tsaya, ta kwana ɗaya a firij, sannan ta huce a ɗaki kafin ta shiga cikin 'yan'uwanta. Ban da wannan, firij ba wurin ajiyar siga ba ne, busar da ita yake yi, ta kuma kwashi warin abinci. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ka sa robar a cikin kula wadda babu ƙanƙara, a ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka. Da damina ka sa ido kan fumfuna. Fara mai laushi a kan riga ana share ta da ƙyalle. In ta yi kore ko shuɗi, ko ta shiga cikin ƙafa, a jefar.

Wadda ta riga ta bushe ana iya farfaɗo da ita, amma a hankali, cikin makonni, ana ƙara danshin kaɗan-kaɗan. In aka yi mata gaggawa cikon zai kumbura ya fasa rigar. Ko ta dawo, wani ɓangare na ƙamshin ya tafi ke nan. Sabuwar da ta sha hanya kuma a bar ta ta huta mako biyu kafin a kunna.

Mataki na shida: yanka

Dubi rufaffen gefen, za ka ga 'yar hula ta ganye da aka manna, da layi biyu ko uku a zagaye. Wannan hular ce ke riƙe da rigar kada ta warware. Saman hular kawai za ka cire, kamar milimita 2, kafin inda kan ya gama lanƙwasa. Ka buɗe abin yanka mai reza biyu, ka daidaita, ka datse lokaci guda da ƙarfi. Jan hannu shi ke yaga ganye. Wata dabara ita ce ka kwantar da abin yankan a kan tebur, ka tsayar da kan sigar a cikinsa, ka datse, ba za ka wuce gona da iri ba. In babu, sabuwar reza ta wadatar. Haƙori dai a'a.

Kafin wuta, ja iska ta cikinta sau biyu. Ya kamata ka ji 'yar turjiya kamar ana jan kunu mai ɗan kauri da tsinken roba. In ta toshe, ƙara yanka kaɗan, ko ka murza wurin da ya yi tauri a hankali.

Mataki na bakwai: kunnawa

Laita mai gas ko doguwar ashana ta katako. In ashana ce, bari kanta ya gama cin wuta tukuna. Kada a yi da laita mai fetur, ko kyandir, ko fitilar kananzir, domin ganye yana kwasar wari. Riƙe sigar a hannu a karkace, ƙafarta a saman harshen wuta ba tare da ta taɓa shi ba, kana juya ta kamar mai gasa masara, har bakin ya yi baƙi a zagaye. Sai ka kai baki, wutar na nan a ƙasa, ka yi gajerun zuƙa uku ko huɗu kana juyawa. Cire ta ka hura ƙafar a hankali. In duka fuskar ta yi ja, ta kama. In gefe guda ya rage baƙi, mayar da wuta wurin. Minti guda da aka kashe a nan shi ke gyara sa'a gudan da ke tafe.

Mataki na takwas: sha

Kada ka sha da yunwa. Ka ci abinci, ka ajiye ruwa kusa, da shayi ko gahawa. Ka zauna a sarari, nesa da yara da masu ciki da duk wanda hayaƙi zai dama.

Hayaƙin siga ba a haɗiye shi. Kumatu ke ja, ba ƙirji ba. Ja shi ya cika baki, riƙe shi daƙiƙa biyu ko uku, ka sake shi a hankali. Zuƙa ɗaya a minti ta isa. In ka yawaita, wutar za ta yi zafi, ɗanɗano ya koma ɗacin kwalta, kuma ba ya gyaruwa da wuri. In ka ji jikin karan ya yi zafi a yatsa, ajiye ta ta huce. Bayan ka saba, gwada sakin ɗan ragowar hayaƙin ta hanci, kaɗan ƙwarai. A nan ne ake jin barkono da koko da itace da ake ta faɗa, domin harshe shi kaɗai bai san ƙamshi ba.

Masu sha kan raba siga kashi uku, kuma kullum tana tuna mini da shayin Buzaye mai zubi uku, sai dai ita a juye take tafiya. Shayin da ɗaci yake farawa ya ƙare da zaƙi. Siga da laushi take farawa, ta cika ta tumbatsa a tsakiya, ta yi nauyi a ƙarshe saboda mai da nikotin da suka taru kusa da baki. Kashi na tsakiyar nan shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa.

Toka ba a karkaɗe ta kamar ta sigari. Bar ta ta kai santimita 2 ko 3, tana rage zafin wuta, sannan ka jingina ta a bakin faranti ta faɗi da kanta. In gefe ɗaya ya yi gaba ya bar ɗaya, juya wanda ya makara ya koma ƙasa, in bai kamo ba ka taɓa shi da laita. In ta mutu, kakkaɓe tokar, hura iska ta cikinta waje don tsohon hayaƙi ya fita, ka sake kunnawa. Zoben takarda mai ɗauke da sunan sigar kuma kada ka ɓamɓare shi da farko, gam ɗinsa kan kama riga. Bari wuta ta matso, ɗumi zai sake shi.

In ka ji jiri, ko gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, nikotin ne ya yi maka yawa. Ajiye ta nan take, ka sha iska, ka sha ruwa da wani abu mai zaƙi, dabino ko shayi mai sukari. Babu dole sai an ƙarasa kara.

Idan ta rage kamar faɗin yatsu biyu, ko ɗanɗanon ya juya tun kafin nan, ta ƙare. Ba a murƙushe ta, murƙushewa ke tayar da wari mai kama labule da tufafi. Kwantar da ita a faranti, cikin 'yan mintuna za ta mutu da kanta. Ka tabbata ta huce, ka fitar da guntun da tokar waje a daren, ka kurkure baki ka yi asuwaki. Guntun da aka sha rabi kuwa ko kusa kada ya koma cikin roba wurin sababbi, kwana ɗaya ya isa warinsa ya kama su duka.